Muryar Ardo a Kwandon Shara

Ku da kuke taruwa a barandata kuna cewa aikin nan danna-danna ne kawai, ku gyara zama. Shekaranjiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai wata biyu ya ishe shi ya ƙware, ya kama shago a bakin titi, ya rataya allo da sunansa. Ban ji haushi ba. Yana ganina ne zaune a kujerar roba da silifas, ina shan kunu, kwamfuta tana aiki ita kaɗai a gabana. Bai san abin da kunnena ke yi a lokacin ba.

Sunana Ayuba, amma nan unguwarmu a Lafiya in ka tambayi Ayuba, mai wanki za a nuna maka. Baba Rediyo za ka ce. A aji huɗu na firamare na tsaya, Turancina kuwa bai wuce na gaisuwa da na yi wa masu yanke wuta magiya ba. Fita ba ta dame ni ba. Coci ranar Lahadi, gaisuwar mutuwa in ta zama dole, shi ke nan. Sauran kwanaki duniya ce ke zuwa ta same ni a baranda, kuma ta fi daɗin hira in ita ta zo.

Rediyo na fara gyarawa, a wurin Oga Terver, wani mutumin Tibi mai shago kusa da tsohuwar kasuwa. Hausarsa ba ta san mace ba, komai “shi” ne, har matarsa. Da kasuwar rediyo ta fara mutuwa, ɗaliban manyan makarantun da ke Shabu kuma suka fara shigowa da laftop a jakar baya, sai ya juya can, ya ja ni. Shi ya koya mini Linux, wani tsari da ke tafiyar da kwamfuta. Na tambaye shi wane kamfani ke da shi, ya ce ba mai shi. Aikin gayya ne, mutane a ƙasashe daban-daban kowa ya kawo fartanyarsa, wanda ya ga ciyawa ya cire, kuma ba wanda zai tare ka a hanya ya ce ka biya. Tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana, 'yan gwanjo da suka gaji tun a ƙasar da aka ɗauko su, shi suke iya ɗauka ba nishi. Na ce to in gayya ce, in abu ya lalace wa za a kama? Ya ce kai.

Aikin farko da ya ba ni wata baƙar laftop ce, ya ce in nemo abin da ke damunta. Kwana shida ina nema. Na buɗe bayanta, na goge ƙura da buroshin haƙori, na cire batir na mayar, na kunna na kashe har yatsana ya yi kanta. Rana ta bakwai na ce Oga na kasa. Ya ce ai shi ba ya ciwo, so yake in san kukan mai lafiya kafin a kawo mini majiyyaci. Har yau da wannan nake cin abinci. Fanka mai lafiya numfashi take yi, mai ƙura minshari. Faifan ciki, inda ake ajiye komai, in irin tsohon nan ne mai juyawa, yana da wani ɗan ƙas-ƙas kamar kaza na tsattsagar tsaba a bayan ɗaki. Ranar da ka ji ya koma tak, tak, tak a jere kamar agogon bango, ka yi maza ka kwashe kayan mutane, ka fara shirya kalaman ta'aziyya. Ina da guntun tiyon ruwa da nake ɗora bakinsa ɗaya a jikin kwamfuta, ɗayan a kunnena. Ku yi dariyarku. Likitoci ma haka suke yi, nasu dai yana da ƙarfe a baki.

Sauran kayan aikin ba yawa. Sukudireba uku tun na zamanin rediyo. Filash uku, kowanne da zaren saƙa da Maman Ladi, matata, ta ɗaura masa: ja na sa sabon tsari, kore na ceto, baƙi kuwa ba na ba kowa aro. Sai littafina. Shi Linux yana da wani baƙin allo da ake shiga ta cikinsa in ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa, ba hoto ba kibiya, sai dai ka rubuta masa umarni harafi bayan harafi. Ni ba na karanta umarnin nan a matsayin magana, kamanninsu na sani, yadda makiyayi ya san shanunsa. Oga Terver ya rubuta mini su a littafin 'yan makaranta, ni kuma na zana hoto a gefen kowanne: tsani na sabuntawa, mudu na auna wurin da ya rage a faifai, allura da zare na ɗinke aikin da ya yanke a tsakiya, tsintsiya ta shara.

Wata ma'aikaciyar ofis ta taɓa kawo tata bayan ta yi sabuntawa, abin da kuke ce wa afgired, wato tsarin ya tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa. Komai ya yi kyau, sai dai kwamfutar ta daina ganin intanet, abin da zai sa ta gani kuma yana can cikin intanet ɗin. Na yi mata bayani sau uku. Ta ce wato an kulle ɗaki an bar makulli a ciki. Na ce haka ne. Ta ce a wurin aikinsu ma haka ake yi, ta zauna ta ci gyaɗa. Da igiyar caja na haɗa wayarta da kwamfutar, muka shigo da makullin ta taga.

Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone ita ce mummunar shekara. Tun kafin ruwan farko har aka ci sabuwar doya ba mu ga wuta ba. Sabuntawa kuwa ba ta son a katse ta. In wuta ta ɗauke a tsakiya, kamar wanzami ne ya aske maka rabin kai aka aiko kiransa daga gida, tsofaffin batura kuma ba sa riƙe minti goma. Ƙaramin janaretana nake tayarwa, in zauna kunne ɗaya a kwamfuta ɗaya a janareta, da na ji muryarsa ta fara rawa in ruga da galan. Masu kawo aiki suka koma unguwanni masu wuta. Maman Ladi ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, kuma tsakani da Allah a shekarar ƙosai ne ya riƙe Linux a layinmu.

A cikin wannan shekarar, wata Talata da damina, Malam Yohanna ya sauka daga mashin da laftop naɗe a zanin matarsa. Tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye a bayan Agyaragu, mai ladabin da ko da kujera ya yi karo sai ya ce mata sannu. Ni na sa masa Linux shekarun baya. Ya ce kwamfutar tana tofar da shi. In ya sa fasiwod sai fuskar ta ƙifta, ta yi kamar za ta buɗe, ta dawo ta sake tambayarsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Na tambaye shi me ya taɓa. Ya ce shekara huɗu ke nan, kullum ya kunna ta sai wani ɗan akwati ya fito ya ce akwai sabon tsari, ko yana so. Shi kuma bai iya ce wa mai sallama a'a ba, sai ya danna wurin da ke cewa a tuna masa nan gaba. Jiya dai ya duba ya ga ranar Asabar kwamfutar za ta je gaban dagaci, ba a kuwa zuwa gaban manya da tsohuwar riga, sai ya amsa. Ta yi ta aiki a shagon mai cajin waya na ƙauyensu har ta tsaya cak. Me za ta je yi gaban dagaci, ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Na ɗora tiyo. Faifan lafiya lau, kaza na ta tsattsagenta. Na shiga ta baƙin allo, nan fasiwod ɗin ya karɓu, na buga umarnin mudu. Faifan ya cika maƙil, ko wurin soka allura babu. Abin da ya faru ke nan: sabon tsarin ya iso da kayansa, ya tarar ba wurin saukewa, ya tsaya a bakin ƙofa rabi ciki rabi waje, shi ya sa ba mai iya wucewa. Wannan ciwon na san shi kamar yunwar cikina. Na ce Malam ya tafi ya dawo gobe.

Na yi abin da aka koya mini. Na fara kwafe kayansa zuwa wani faifai nawa, takardu, hotunan yaye ɗalibai, waƙoƙin coci, da tulin fina-finan da 'yan'uwansa suka cika masa. Sannan na duba inda zan samu wuri, na ga kwandon shara ya yi nauyi, wato inda abin da aka goge ke zama kafin a zubar da shi gaba ɗaya. Wa ke kwafe shara? Na buɗe shafin tsintsiya na share shi tas. Wuri ya samu, na buga allura da zare, sabuntawar ta ɗora daga inda ta tsaya, ta sauke kayanta a filin da na share. Kafin la'asar kwamfutar ta buɗe da sabuwar fuska. Na sha kunu kofi biyu.

Laraba da hantsi Malam ya dawo, da wani dogon Bafulatani a bayansa, Buba, ɗan marigayi Ardon rugar da ke gefen ƙauyensu. Malam ya yaba sabuwar fuskar, ya sa fasiwod ta buɗe, ya yi mini godiya har sau uku. Sai na ga kibiyarsa ta wuce takardu, ta wuce hotuna, ta nufi kwandon shara kai tsaye kamar mai zuwa ɗakinsa. Ya buɗe. Fari fat. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Injiniya, ina kayan da ke cikin nan?”

“Shara ce, Malam. Na zubar.”

“Ardo yana ciki,” in ji shi. “Da babana.”

Sai a lokacin na ji labarin. Akwai burtali, hanyar da shanun rugar ke bi ta gefen gonar gidan su Malam zuwa rafi. Mahaifin Malam da Ardo su suka yanka shi da baki tun suna da ƙarfinsu, ba takarda. Da suka tsufa, Malam ya kai su wurin ya ɗauki muryarsu a waya suna faɗin inda ya fara da inda ya ƙare, ya juye a kwamfuta. Wayar ta daɗe da faɗawa rijiya, tsofaffin biyu sun rasu. Tun daga nan kowace damina kunyoyin doya sai su ɗan matso cikin burtalin, shanu kuma su ɗan matsa cikin doya. A shekarar an sari wata saniya a cinya, an tattake kunyoyi masu yawa, samarin ɓangarorin biyu sun daina gaisawa a kasuwa. Dagaci ya ce ranar Asabar a kawo muryar tsofaffin, abin da suka faɗa shi za a bi. In babu, zai rufe hanyar kafin a zubar da jini. Da damina dai akwai kududdufai, amma rani na zuwa, shanu kuma ba a shayar da su da haƙuri. Rufe hanyar yana nufin su Buba su tashi. A rugar nan aka haife shi, a nan aka binne Ardo.

Na ce Malam, duk faɗin kwamfutar nan, me ya kai ka ajiye irin wannan a shara? Ya dube ni kamar ni ne ban yi makaranta ba, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce a wata shekara da aka yi gudu a yankinsu, babansa ya tona juji ya binne takardunsa da zannuwan matarsa. Aka ƙone gida ƙurmus, juji ko kallonsa ba a yi ba. Kwamfutar nan kuma hannu da yawa ke taɓa ta, ciki har da na ƙanensa Bitrus, wanda ya fi kowa son a rufe burtalin. In Bitrus ya ga fayil ɗin a fili zai goge. Amma abin da aka riga aka goge, wa zai sake goge shi? Buba ya gyaɗa kai ya ce lalle wannan dabara ce. Suka juyo su biyu suna kallona.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini aiki sai na tambaye shi me ya ɓoye a shara. Za ku yi mamakin yawan masu sunkuyar da kai.

Abu na farko, na kashe kwamfutar nan take, ban bari ta ƙara ko numfashi ɗaya ba. Ku ji dalili. In ka goge abu, faifai ba ya rushe shi a lokacin. Sunansa kawai yake cirewa daga rajista, ya ce fili ya zama na kowa, gidan kuwa yana nan tsaye har sai wani ya zo ya yi gini a kansa. Matsalar ita ce jiya ni da hannuna na kira sabon tsari na ce ga fili. Sa'armu ɗaya, faifan irin tsohon ne mai juyawa. Da sabon nan ne mara motsi, da sai dai in ba su ruwa su sha su kama hanya. Na sa filash mai koren zare, na tayar da kwamfutar daga cikinsa don kada a ƙara taka faifan, na saki wata manhaja mai bin faifai lungu-lungu tana tsinto duk abin da ya yi kama da fayil, tana zubawa a faifaina. Ta ci yinin Laraba da rabin Alhamis. Buba ya karɓi galan daga hannuna ya tsaya a kan janareta kamar mai jinyar saniya.

Ita manhajar nan tana dawo da kaya, amma ba ta dawo da suna. Lambobi kawai. Na ware masu sauti kaɗai, suka haura dubu biyu, ba wanda ya san wanne ne wanne. Hanya ɗaya ce, a kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Na jona tsohuwar sifikar rediyo muka fara. Na farko ƙarar ɗigon ruwa ce, irin wadda kwamfuta ke yi in ka yi kuskure. Na biyu ma ita ce. Irinta ta kai ɗari, kowacce da ɗan bambancinta, har Buba ya ce ko a rafi bai taɓa jin ruwa iri-iri haka ba. Sai mawaƙan cocin su Malam suna koyon waƙa ɗaya sau goma sha ɗaya, wata mai siririyar murya tana kuskure a wuri ɗaya kowane karo. A karo na takwas Buba, da carbinsa a hannu, ya fara ɗaga yatsa kafin ta iso wurin. Sai wa'azi. Sai wata Baturiya tana koyar da gaisuwa da Faransanci. Sai Malam da kansa yana gwada makirufo, yana cewa ɗaya, biyu, yana ba wanda ba ya nan haƙuri. Sai minti goma na akuya, wanda Malam ya rantse bai san dalilinsa ba.

Ranar Juma'a baranda ta cika. Bitrus ya zo da samari biyu, wai don kada a haɗa baki da mai gyara a ƙirƙiri muryar matattu. Bayan an sauko daga masallaci mutum uku suka zo daga rugar, har da wani tsoho mai farin gemu. Waɗannan suka kama benci ɗaya, waɗancan ɗaya, ba gaisuwa. Maman Ladi ta ajiye farantin ƙosai a tsakiya, inda dole hannuwa su haɗu. Saura fiye da dubu, Asabar kuma gobe ce. Na ga in muka ci gaba da jin kowanne har ƙarshe, sai dagaci ya rufe hanyar muna kan Faransanci. Na tambayi Malam wane lokaci ya yi ɗaukar, ya ce da safe, bayan girbi, yana tafe a gefen tsofaffin da wayar a aljihun gaban rigarsa. Wannan ya ishe ni. Kowane wuri yana da muryarsa tun kafin mutum ya buɗe baki. Ɗaki yana da tasa, coci yana da tasa, daji yana da tasa. Na koma ina ba kowane fayil numfashi biyu kawai in wuce, ina neman fili, da busasshen kara, da gogar yadi a bakin waya. Bitrus ya ce ina tsallakewa da gangan. Na ce in yana son akuya zan kwafe masa ita ya tafi da ita gida.

Bayan la'asar na ɗaga hannu tun kafin kowa ya yi magana a cikin sifikar. Iska, kurciya can nesa, yadi yana goga. Sai muryoyi biyu na tsofaffi.

Sun yi minti shida suna gaisuwa. Sun tambayi gwiwoyin juna. Sun yi gardama a kan wa ya girmi wani, mahaifin Malam ya ce yana da wayonsa a shekarar fara, Ardo ya ce ƙarya yake, a goye ya gan shi. Mahaifin Malam ya yi tari. Bitrus ya cire hula, ya ce in mayar da wurin tarin. Na mayar. Sannan Ardo ya ce daga wannan dutsen na bakin rafi, bari ya taka a gaban abokinsa. Aka ji sanda tana sauka, ƙwas, ƙwas, bai kuwa ƙirga a fili ba. Ya tsaya, ya yi ajiyar zuciya.

“To, Yohanna, riƙe a wayarka. Faɗin burtalin nan taku...”

Sai ƙiii, sai shiru. Daga nan sabon tsarin ya yi gininsa. Kalma ɗaya ake nema, a kanta aka zuba kankare.

Malam ya ce a tunaninsa talatin da wani abu ne. Bitrus ya ce ashirin, kuma yayansa ya daɗe da zama ɗan ruga. Na rugar suka ce hamsin. Dama abin da ya kawo su ke nan. Na ga benci ya fara motsi, na ce a yi shiru, na mayar baya, na ɗora tiyona a bakin sifika. Lambar ta tafi, amma tafiyar tana nan. Sandar Ardo tana da ƙarfe a gindi, wurin kuma marmara ce. Na ƙirga da ƙwayar gyaɗa, sau goma sha tara. Bitrus ya ce to taku goma sha tara ke nan, a tashi. Buba ya ce ba makiyayin da ke dasa sanda a kowane taku. Na sake saurara. Bayan kowace sanda akwai sauti biyu, faɗuwar takalmin roba, sannan wani shuuu, ƙafar da ake ja. Na tambayi Buba wace gwiwa ce ke damun mahaifinsa, ya ce ta hagu. Taku talatin da takwas ke nan, amma na tsoho mai jan ƙafa, ba na saurayi ba. Na miƙa wa kowa tiyon ya ji da kunnensa, ɗaya bayan ɗaya, Bitrus sau biyu.

Saura tambaya guda, takun wa? In Bitrus ya taka, ko akuya sai ta karkace kafin ta wuce. In Buba ya taka da ƙafafun nan nasa, sai an nemo shi a garin Obi. Tsohon nan mai farin gemu, da ya daɗe yana kallona, ya ce in taimaka masa da ruwa. Na tashi na ɗauko. Ya ce tsayina da na Ardo ɗaya ne, gwiwar da nake ja ma ta hagu ce. Bitrus ya sa na sake zuwa randa na dawo, ya ce ba laifi. Na ce ni ba na fita.

“Baban Ladi,” in ji matata, “wanda ya yi shara shi ke kwashewa.”

Asabar da safe aka ɗora ni a mashin, bayan na kwafe fayil ɗin wuri biyar, har da wayar Buba da ta Bitrus. A bakin rafin na tarar da mutane kamar ranar kasuwa, manoma a hagu, makiyaya a dama, dagaci a kujera a gindin mangwaro. Aka kunna masa tun daga gaisuwa, ya saurara har inda ya yanke, aka yi masa bayanin sanda da jan ƙafa. Ya ce a taka.

Aka ba ni sandar Ardo da takalmansa na roba. Sun ɗan yi mini yawa, aka cusa ganye. Na sa diddige a jikin dutsen, Malam ya tsaya a gefena da sifikar cocinsu a kafaɗa. Karon farko wani ya yi dariya na rikice. Karo na biyu ƙaya ta soke ni. Karo na uku na rufe ido, don kada wani ya ce na hango inda nake so in tsaya, na bar mamacin ya ja ni. Ƙwas, taku, shuuu. Ƙwas, taku, shuuu. Wajen taku na talatin na ji ƙafata ta fara hawa tudu tana sauka, na san na shiga doyar wani, na kuma ji gunaguni daga hagu. Ban tsaya ba sai da Ardo ya yi ajiyar zuciya. Aka kafa turke a bakin babban yatsana.

Da na buɗe ido, layi huɗu na kunyoyin Bitrus sun faɗa cikin burtali. Wata kaɗanya kuma da mutanen rugar suka daɗe suna cewa ita ce iyaka, tana can gaba da taku goma sha biyu, a tsakiyar gona. Manoma suka ce na buɗa ƙafa, makiyaya suka ce na tsuke. Dagaci ya ce tun da ba wanda ya gode wa Baba Rediyo, awon ya yi daidai. Layi huɗun nan a bar wa Bitrus ya haƙe doyarsa ta bana, daga nan a jera duwatsu a layin turken.

Kafin a watse aka ce a koro shanun a gwada hanyar. Suka bi ta gabanmu a jere, Buba yana kare su daga layi huɗun. Sai wata jar karsana ta ratse, ta wuce turken da ƙafa biyu, ta miƙa wuya ta fizgi ganyen doya. Na ga hannun wani saurayi ya sauka a ƙotar addarsa. Bitrus ya taka a hankali har gaban karsanar, ya dube ta, ya juya wurin Buba.

“Ɗan Ardo, shekarar wannan nawa?”

“Biyu, maƙwabci.”

“To, ba ta san tsofaffin ba. Yaya, kunna mata.”

Malam ya sauke sifikar a gabanta, ya ce mata sannu, ya kunna tun daga gaisuwa. Ta tsaya da ganyen yana reto a bakinta, ta saurari ciwon gwiwa da gardamar shekaru da tari da sanda goma sha tara, mu duka muna tsaye muna jiranta, har inda muryar Ardo ta yanke. Sannan Buba ya ɗan taɓa ta a ƙugu, ta koma cikin 'yan'uwanta, suka gangara rafi.